Godiya Ga Waɗanda Suka Ƙarasa Aikin Motata

Ina son in yi amfani da wannan fili in gode wa wasu bayin Allah na Kalgo da Gwandu da suka tsaya a kan motata har ta zama abin da mutum zai zuba iyalinsa a ciki hankali kwance. An sauya mata giya daga otomatik zuwa manuwal. Wannan shi ne babban aikin, shi aka yi cinikinsa, aka biya, kowa ya gani. Amma godiyata ta fi karkata ga abin da ya biyo baya, wato ƙananan gyare-gyaren da ba su shiga ciniki ba, waɗanda da an bar su motar za ta yi ta tafiya, sai dai da haɗari a ɓoye cikinta. Ba zan kama suna ba. Sun san kansu, kuma duk mai hulɗa da gareji a garuruwan nan biyu zai gane su daga irin aikinsu.

Motar Peugeot 406 ce mai shan fetur, irin wadda aka sabunta wa fuska a 1999. Duk wanda ya yi wayo a Arewa ya san wannan kamfani, domin tun 1975 ake haɗa motocinsa a Kaduna, daga 504 zuwa 505 har aka zo kan 406, wadda ta cika ma'aikatun gwamnati a shekarun 2000. Shi ya sa da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Tawa ta zo da giyabos na otomatik mai giya huɗu, wanda ake kira AL4. Ya yi bautarsa shekara da shekaru a hannun waɗanda suka riƙe ta kafin ni, har tsufa ya kama shi. Kana cikin tafiya, da mai ya ɗauki zafi sai ka ji bugu a ƙarƙashi, motar ta maƙale a giya uku, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Haka aka tsara ta, don ta kare kanta ta lallaɓa da kai gida. To amma mutumin da gidansa ke Gwandu, aikinsa ke Kalgo, yake kuma kai mahaifiyarsa ganin likita a babban asibitin da ke can, ba zai rayu a giya uku ba.

Ga kuma batun mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tsohon otomatik mai giya huɗu ya fi manuwal mai giya biyar shan mai, domin wani ɓangare na ƙarfin inji yana salwanta a cikin man da ke juya shi. Sannan in batir ya mutu maka tsakanin Aliero da Jega, manuwal mutum uku za su tura ta ta tashi. Otomatik kuwa sai dai ka zauna jiran wani batir. Da na haɗa waɗannan, na yanke shawarar a sauya.

Godiya ta farko ga ɗan baffana da ke zaune a Kano. Maigidan garejin da na kai motar a Kalgo ya rubuta abin da ake bukata a takarda, ya ce a tabbata duk daga jikin mota guda aka ciro su: giyabos, fulawil, farantin kuloci da murfinsa da boris, fedoji uku da mazauninsu, shaf biyu, sandar giya da ƙarafunanta, da robar da giyabos ke zaune a kai. Ɗan baffan nan ya ajiye kasuwancinsa ya shiga Ƙofar Ruwa da takardar a hannu, bai yarda an haɗa masa tsince-tsince ba. Ya juya shaf da hannunsa, ya sa giya ɗaya bayan ɗaya tun giyabos yana ƙasa, ya leƙa man da ya rage a ciki ko akwai garin ƙarfe. Farantin kuloci kuwa ya ce sabo za a saya, tunda abu ne da sai an sake sauke giyabos kafin a kai gare shi. Rabin sauƙin da aka samu daga baya daga wannan tsayuwa tasa ya fito.

Ranar da aka gama ɗorawa, motar ta tashi, aka zagaya da ita, giya biyar da ribas duk suka shiga. Maigidan gareji ya kashe ta, ya riƙe makullin a hannunsa, ya ce: "Malam, yi haƙuri, wagga mota ba ta ƙare ba. Tahiya ɗai munka koya mata, saura hankali." Kuɗinsa sun riga sun shiga aljihunsa, ramin da motar ke kai kuma wata na jiransa. Da ya miƙo makulli a ranar, ba wanda zai ce ya ci amana. Amma ya yi irin na masu ɗorin Aliero, waɗanda ba su ɗaukar haɗa ƙashi a matsayin ƙarshen aiki sai sun ga mai karaya ya taka ƙafarsa daidai. Wannan riƙe makulli shi ne abu mafi girma da aka yi mini a cikin lamarin duka.

Abu na farko da ya ɗaga shi ne yadda motar ke tashi. Otomatik ba ta karɓar makulli sai sandarta tana kan P ko N, saboda akwai wani makunni a jikin giyabos da ke yanke wa kik wuta in ba a nan take ba. Da aka cire giyabos, makunnin ya tafi da shi, don haka sai an haɗa wayoyin nan kai tsaye kafin kik ya juya. Nan mafi yawan aiki ke tsayawa. Motar za ta tashi, amma za ta tashi ko da tana cikin giya, ta yi tsalle gaba da duk abin da ke gabanta. Gaskiya ne cewa manuwal da yawa na wancan zamani haka suka fito daga kamfani, sai dai masu su sun tashi da sabon duba firi kafin su murɗa makulli. Gidana kuwa an saba da otomatik. Ƙanina yakan zura hannu ta taga ya tayar da ita da safe don ta ɗumama, bai ko shiga ba.

Mai wayarin da maigidan ya kira, wani siririn mutum mara yawan magana, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ɗiyanka na wasa gaban mota in tana aje?" Na ce suna yi, har da na maƙwabta, don a ƙofar zaure take kwana. Bai ƙara cewa komai ba. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari cikin zafin rana, ya ɗaura wani ɗan makunni a bayan fedar kuloci, ya bi da wayar ta cikin rile da fis, ta yadda kik ba ya samun wuta sai an taka kuloci har ƙasa. Irin tsarin da ke cikin yawancin manuwal da ake sayarwa a Amurka ke nan. Ya yi wa kowane haɗi dalma, ya naɗe shi, ya ɗaure wayoyin nesa da inda ƙafa ke kaiwa. Ban san da akwai wannan aiki ba balle in nema, kuma abin da ya karɓa bai kai kuɗin wunin da ya ɓata ba. Duk safiyar da na ga yara suna zagaye motar nan, sai na yi masa addu'a.

Shi ne kuma ya dawo da fitilar ribas. A da makunnin otomatik ke kunna ta. Yanzu akwai wani ƙarami a jikin sabon giyabos, sai an ja masa waya. Motoci nawa ne da aka sauya wa giya ke yawo a hanyoyinmu ba fitilar baya? A lungunan Gwandu da dare, inda akuya da yaro da mai keke ke raba hanya guda, wannan farar fitila ita ce kaɗai sanarwar cewa mota za ta ja baya.

Sai matsalar da ta fi ɗaure kai. Allurar maleji ta kwanta, fitilar gargaɗi na ci a dashbod, allon tsakiya yana ta rubuta cewa giyabos na otomatik ya samu matsala, alhali giyabos ɗin yana jingine a bangon gareji. Mafi muni, in aka taho da gudu aka taka kuloci don a tsaya, inji yakan yi ƙasa ya mutu. A mahaɗar Kalgo, inda hanyar Birnin Kebbi da ta Jega da ta Bunza zuwa Kamba suka haɗu, ga tireloli, ga 'yan kabu-kabu, ga cunkoson ɗalibai da ma'aikata da ya ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, mutuwar inji ba ƙaramin abu ba ce, domin da ya mutu sitiyari kan yi nauyi, birki ma ya fara tauri.

Nan maigidan gareji ya yi abin da ba kowane gwani ke yi ba. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya aika aka kira wani matashi daga Birnin Kebbi, sa'an ɗansa, mai ɗauke da kwamfuta a jaka. Yaron ya gaishe shi a durƙushe, ya kira shi Baba, sa'an nan ya jona na'urarsa. Ya bayyana mana cewa ƙwaƙwalwar inji da akwatin da ke kula da wutar jikin motar, wanda ake kira BSI, duk suna nan da sanin cewa motar otomatik ce, suna ta neman ƙwaƙwalwar giyabos su yi magana da ita, ba amsa. Kuma saƙon gudun mota ba ya isa, saboda ba a haɗa na'urar auna gudu ta sabon giyabos ba. In inji bai san ko mota na tafiya ko tana tsaye ba, ba ya iya riƙe numfashinsa daidai a lokacin da aka sake totur. Shi da mai wayarin suka bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har suka haɗa su, sa'an nan ya shiga da manhajar PP2000 ya sanar da motar cewa yanzu manuwal ce, ya goge tsofaffin ƙorafe-ƙorafen da ta tara. Allura ta tashi, fitila ta mutu, inji ya daidaita.

Wasu sun ba ni shawara tun farko a cire ƙwan fitilar gargaɗin kawai, ko a liƙe ta da baƙin tef, a huta. Yaron nan ya ƙi, kuma yana da gaskiya: fitilar da aka kashe saboda ƙaryar yau ba za ta faɗi gaskiyar gobe ba, ranar da wata matsala ta ainihi ta taso. Ya kuma ja kunnena cewa makulli da BSI da ƙwaƙwalwar inji a ɗaure suke da juna ta lambar sirri, kada in bari wani ya sauya ɗaya shi kaɗai. Na gode masa, na kuma gode wa dattijon da bai ji kunyar tsayawa a bayan yaro yana kallon allo yana tambaya ba. Na daɗe ban ga abin da ya burge ni a wurin sana'a kamar wannan tsayuwa ta su biyu ba.

Kuloci ya ɗauki nasa lokacin. Wasu 406 ɗin kulocinsu na waya ne, wasu na mai; wanda aka sa mini na mai ne, mai famfo a sama da wani a ƙasa. Da farko fedar tana da laushi, ba ta kamawa sai dab da ƙasa, ribas kuma sai ya yi ƙara kafin ya shiga. Dalili shi ne iska ta maƙale a cikin bututun. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka rabin takun da ka yi iska ce ke shanye shi, faranti bai gama sakin fulawil ba. Ribas ne ke fara tona asirin haka, saboda shi ba shi da irin zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kamar yadda giyoyin gaba ke da shi.

Fitar da iskar nan aikin mutum biyu ne, kuma yaran gareji ne suka yi shi. Ɗaya a kujerar direba yana taka feda, ɗaya a cikin rami da sifana yana buɗewa yana rufewa, mai na ɗiga masa a hannu. "Taka! Riƙe! Saki!" Haka suka yi ta yi har kumfa ta ƙare, maigidansu yana zuba DOT 4 sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabana, don ya ce wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya sha raɓa. Ina son in tsaya a kan yaran nan. Su ne suka ɗaga giyabos a ƙirjinsu lokacin da ake saita shi da inji, su ne suka wanke kowane noti, su ne aka aika neman washa ɗaya tak a tsakar rana. A ciniki ba a ambaton su, in an zo biya ba a kiran su, abin da ke shiga hannunsu sai ɗan na abinci. Ƙaramin cikinsu ne ya lura cewa mazaunin fedoji yana ɗan motsi in an taka da ƙarfi, ya ce, "Oga, zo ka gani." Aka duba, aka sami noti guda a can sama bayan dashbod bai zauna ba, aka ɗaure shi, aka kuma toshe ramin da bututu ya bi da roba don kada ƙura da zafin inji su riƙa shigowa. Allah ya yi muku albarka, ya nuna mana ranar yayenku, ya ba kowannenku garejin kansa.

Sandar giya ta zo da wasa a jikinta, giya biyu sai an lalubo ta. Bushin ɗin ƙarafunan ne suka cinye, aka sa sababbi, aka daidaita tsawonsu, magana ta ƙare. An kuma sa siririyar fedar birki a madadin mai faɗin nan ta otomatik, don kada ƙafar hagu ta kama gefenta wajen neman kuloci.

Akwai wani dattijo da ke zama a garejin, tsohon bakanike ne da ƙarfi ya ƙare masa, ba ya taɓa sifana sai dai ya kalla. Shi ya tambayi inda aka kai tiyo biyu na ruwa. Tsohon giyabos yana da wani ɗan akwati a jikinsa da ruwan lagireto ke ratsawa don sanyaya mai; da aka cire shi, tiyon nan biyu an haɗa su na wucin gadi don a gwada motar. Dattijon ya sa aka nemo bututun ƙarfe daidai bakinsu, aka ɗaure da maɗauri mai noti, sa'an nan aka buɗe ƙananan kusoshin fitar da iska har ruwa ya fito ba kumfa. Wanda ya san zafin Kabi a Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ya san abin da tiyo guda zai jawo in ya zame a hanya: ruwa ya tsiyaye, inji ya tafasa, gaskit ya ƙone, kuɗin da aka tara don giya a sake neman irinsu don inji. Baba, na gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da kyau.

Kan man giya ma maigidan bai yi sassauci ba. Akwai mai kauri da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, mai araha, kuma da yawa na ganin kauri shi ne inganci. Shi ya ce 75W-80 wannan giyabos ke sha, kusan lita 2, kuma shi za a sa. Mai kauri yana hana zoben tagullar nan kamawa da wuri, sai ka ga da sanyin hunturu giya ta ƙi shiga da safe, direba ya yi ta dannawa da ƙarfi har haƙora su lalace.

Daga nan motar ta dawo gida, aikin Gwandu ya fara. Maƙwabcina mai faci, wanda rumfarsa ke kallon inda nake ajiye ta, shi ya fara ganin ɗigon mai a ƙasa ta gefen direba. Bai jira na fito ba, ya aiko ɗansa ya yi sallama. Ya dangwala da yatsa ya shinshina, ya ce wannan ba baƙin mai ba ne, warin man giya ne. Bakaniken unguwarmu ya ɗaga ta, ya ga sil ɗin da shaf ke shiga cikinsa ne ya gaji. Kafin ya taɓa komai sai da ya kira maigidan Kalgo a waya, ya ce ga abin da ya gani a aikinsa, ko ya yarda ya sa hannu. Suka yi magana irin ta 'yan'uwa, ɗaya bai kushe ɗaya ba. Ya sauya sil, ya cika mai, ya sake ɗaure babban notin shaf da kusoshin sitin, tunda sabon haɗi yakan ɗan saki bayan ya yi tafiya. Mun saba jin bakanike na biyu yana buɗe baki da "wa ya yi maka wannan aiki?" Ni ban ji haka a Gwandu ba, kuma na ga ya dace a rubuta.

Shi ne kuma ya farfaɗo da hambirki. Mai otomatik yakan sa P ya fita abinsa, wani ƙarfe a cikin giyabos ya riƙe motar, hambirki ya yi shekaru ba a ja shi ba har wayarsa ta ƙage. A manuwal kuwa ba P. Ya kwance wayar, ya wanke, ya sa giris, ya daidaita ta daga baya, ya kai motar kan gangara ya ja ya sake ta ya ga ta tsaya cik. Saitin ƙafafun gaba, wanda dole ne bayan an kwance su don fitar da shaf, a Birnin Kebbi aka yi shi da na'ura.

Abin da ya rage shi ne ramin da ke tsakanin kujeru biyu. Murfin otomatik mai P, R, N, D ya tafi, sandar manuwal ta tsaya tsirara, ana ganin ƙarafuna. Robar ciki an sa ta tun a Kalgo don tare ƙura da ƙara, amma rigar waje ba a samu ba. Na kai motar wurin wani tsohon baduku a cikin gari, ba nisa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kube da laya da jaka ne aikinsa, bai taɓa yi wa mota ɗinki ba. Ya shigo ya zauna a kujerar direba, ya sa na nuna masa iyakar inda sandar ke kaiwa gaba da baya da gefe, ya auna da zare. Ya ce in rigar ta matse za ta riƙa jan sandar tana fitar da giya, in ta yi yawa za ta naɗe ta shiga tsakanin ƙarfe. Wannan magana ta mutumin da bai taɓa tuƙi ba daidai take da abin da bakanike zai faɗa.

Ya yanko ta daga jemammiyar fatar jar akuya, irin ta ƙasar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ya yi ta ɓangare huɗu, ɗinkin hannu, ya zagaye wuyanta da siririn tsinke kore, ya sa mata zare na zugewa a sama. Duk wanda ya shiga motar nan ita yake fara taɓawa. Da na ciro kuɗi, sai ya ture hannuna ya ce: "Ɗana, aje kuɗɗinka. Ranar da ka gane ni bisa hanya, ka ɗauke ni." Na ɗauke shi, kuma zan ci gaba da ɗaukarsa muddin motar na hannuna. An ce yaba kyauta tukwici. To Baba, ga nawa, ko da yake bai kai ba.

Ba zan manta da wani direban tashar Gwandu ba, wanda ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin nan da Sakkwato. Ya ajiye lodinsa wata yamma ya zauna a gefena muka fita bayan gari. Ya ce sabon faranti yana son a bi shi a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin ya zauna da fulawil: ban da fizga, ban da lodi mai nauyi, ban da ɗora ƙafa a kan kuloci in ana tafiya, ban da riƙe mota da shi a kan tudu. Ya nuna mini yadda ake ratsa rairayi da giya biyu ba tare da an ƙona kuloci ba, abin da duk mai shiga ƙauyukan wajen Kambaza da Dalijan ke bukata. Daga baya ya dawo ya koya wa ƙanina. Haka nan abokin aikina da ya riƙa biyowa ya ɗauke ni duk tsawon lokacin da motar ke gareji, da maƙwabcin da ya kai Inna asibiti a motarsa ranar da likita ya sa mata, ya jira har aka gama, ya ƙi karɓar ko na mai. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya biya muku bukatunku na duniya da lahira.

Na yi ta tunanin abin da ya sa ake barin irin waɗannan gyare-gyare, kuma a ganina ba a wuyan kanikawa kaɗai nauyin yake ba. Mu masu mota muna yin ciniki a kan babban abu, mu matse farashi har ba sauran wuri, sa'an nan mu tsaya a kan bakanike muna duba agogo. Wanda aka biya kuɗin ɗora giyabos kaɗai, aka kuma hana shi lokaci, da me zai kira mai wayarin da mai kwamfuta? Ni na dace da mutanen da suka cike giɓin daga aljihunsu da guminsu, amma bai kamata lafiyar yaran unguwa ta rataya a kan dace ba. Zai yi kyau ƙungiyar kanikawa ta NATA a Jihar Kebbi ta tsayar wa 'ya'yanta abin da dole a duba kafin a saki motar da aka sauya wa giya, a kuma sa kuɗinsa cikin ciniki tun farko. Gwamnati ma, in ana rabon kayan sana'a, a tuna da na'urar binciken mota da horon sarrafa ta, domin garuruwa irin Kalgo da Gwandu bai dace su riƙa jiran mutum guda daga babban birni ba.

Motar yanzu ba ta tashi sai an taka kuloci, malejinta na aiki, ba ta mutuwa a mahaɗa, ba ta ɗigar da komai, kuma man da take sha tsakanin Gwandu da Kalgo ya ragu yadda aljihuna ya shaida. Ga maigidan gareji da yaransa, da mai wayarin, da matashin kwamfuta, da dattijon gareji, da mai faci, da bakaniken unguwa, da baduku, da direba: na gode, na gode. Allah ya tsare hannuwanku, ya sa albarka a sana'arku da zuriyarku.

Kai kuma mai karatu, in akwai motar da aka mayar manuwal a gidanku, ka kai ta wurin mai wayarin a makon nan ya duba ko tana tashi a cikin giya, ya duba fitilar ribas, a kuma ja hambirki a gani. In sun gyara maka, ka biya su da kyau, kada ka manta da yaron da ke cikin rami.